Umra da goyo: daga Kano zuwa Jidda da yara biyu

Da muka yanke shawarar tafiya Umra da yaranmu, ƙaramar tana wata 10, yayanta yana shekara 3, duk wanda muka je wa sallama sai ya fara da tambaya kafin addu'a: "Da yaran za ku?" Surukata ta so in bar mata su. Mai shan nono dai ba ta baruwa, shi kuma babban idan ya ga an saɓa ƙanwarsa an bar shi, babu mai barci a gidan. Haka muka kwashe su duka.

Aikin ya fara tun ana saura watanni. Jariri ko na kwana 40 ne, fasfonsa daban, bizarsa daban, ba a liƙa shi a na uwarsa. Kafin fasfo kuwa sai takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, wanda Saudiyya ke nema a hannun masu zuwa daga Najeriya. Allurar shawara a wata 9 ake yi wa yaro, kuma katin ba ya aiki sai ta kwana 10 a jiki, don haka mai jaririn da ke bakin wannan watan ta lissafa kafin a sayi tikiti. Tikitin ma da nasa lissafi. Yaron da bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya, ba shi da kujera, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa. Ranar da ya cika 2 kuwa ya zama mai kujera, ko da a can ya cika kafin a dawo.

Mun tashi lokacin hunturu, kuma duk ɗan Kano ya san abin da hazo ke yi wa jirage a Disamba da Janairu. Mun isa filin jirgin Malam Aminu Kano da wuri, aka auna kaya, aka buga fasfo, sai zama. Idan hazo ya rufe gari babu yadda matuƙi zai yi, dole a jira. A wannan zaman ne na ga amfanin cika jakar hannu da kayan yara ninki biyu na abin da tafiyar ke buƙata, domin akwatunan sun riga sun shige, ba ki da sauran iko da su. Famfas, kayan canji nasu da hijabi ɗaya nawa, ledoji na zuba abin da ya ɓaci, dabino, biskit, da kunun gyaɗa a ƙaramin fulas. Doka ta hana shiga jirgi da ruwa fiye da mililita 100 a mazubi ɗaya, amma abincin jariri da madararsa ba sa cikin wannan hani. Na fito da su na nuna tun kafin a tambaye ni, aka duba aka miƙo mini.

Wata ƙawata ta ara mini keken jarirai, ana barin mutum ya tura shi har ƙofar jirgi kafin a karɓa. Ni dai zani da majanyi sun fi mini shi nesa ba kusa ba. Da na goya ta hannuna biyu sun kuɓuta, ɗaya riƙe da yayanta, ɗaya da fasfo huɗu, kuma duk hayaniyar wurin ba ta hana ta barci ba. Babban ne aiki. Abbansu ya so ya zaunar da shi, na ce, "Abban yara, ƙyale shi ya yi ta gudunsa, gara ya gaji a ƙasa." Suka yi ta kai da komo tsakanin kujeru da tagar da ake hango jirage, har aka kira mu.

A cikin jirgi sai da na kwance goyon. Ma'aikaciyar ta kawo wani ɗan siririn bel da ake zura shi a jikin nawa a ɗaura wa yarinyar, ta nuna mini yadda ake ɓalle shi. Mun nemi layin gaba, inda ake maƙala ɗan gadon jarirai a bango, tun ranar da muka sayi tikiti, domin gadajen kaɗan ne kuma yaron da ya haura kilo 10 ko 11 ba ya samu a yawancin jirage. Wasu mata biyu 'yan gida ɗaya, kowacce da jaririnta a cinya, suka so zama tare, aka raba su. Ɗayar har ta fara faɗa, ta zaci wulaƙanci ne. Ba haka ba ne: abin shaƙar iska da ke faɗowa daga sama idan an sami matsala, a kowane jerin kujeru yawanci guda ɗaya ne rara, don haka jarirai biyu ba sa haɗuwa a jeri guda.

Kafin mu taso mutum nawa ne suka ce in ɗura musu maganin mura mai sa barci, in huta. Likitan yaranmu ya hana, ya ce wasu irinsa haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara 2, wasu yaran kuma maimakon su yi barci sai ya birkita su. Ban ba su ba, kuma har gobe ba na ganin kunyar kukan ɗa a gaban baƙi ta kai a ba shi maganin ciwon da ba ya yi.

Tsakiyar tafiyar, wadda ita kowa ke tsoro, ita ta fi sauƙi. Kusan awa 5 ne zuwa Jidda, gurnanin injin ya sa ƙaramar barci, yayanta ya ci abincinsa ya ci rabin nawa, ya kalli katun a waya har ya ɓingire. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, sai na yi ta ba su ruwa kaɗan-kaɗan, ni ma ina sha saboda nono. Canjin famfas ne ya ɗan ba ni aiki. Banɗakin bai fi akurkin kaji ba, akwai wani allo a saman masai da ake saukowa da shi a kwantar da yaro, hannu ɗaya a kan cikinta kada jirgi ya girgiza ta mirgino, ɗayan yana aiki. Famfas ɗaya da abin gogewa kawai za ki shiga da su, jaka ba ta da wurin zama.

Inda gizo ke saƙar shi ne sauka. Idan jirgi ya fara gangarowa, kamar rabin awa kafin ya taɓa ƙasa, nauyin iskar cikinsa yana ƙaruwa ya danne dodon kunne. Akwai wata siririyar hanya tsakanin kunne da maƙogwaro da ke buɗewa idan mutum ya haɗiye yawu ko ya yi hamma, iskar ta daidaita. Ta yaro ƙarama ce, kuma jariri bai san ya haɗiye da gangan ba. Maganin shi ne tsotso. Saboda haka na ja mata rai da nono, na yi ta lallashinta da wasa, don lokacin ya same ta da yunwa. Ƙoshasshen jariri ba ya kama nono don an roƙe shi.

Ga mai zuwa Umra ta Jidda, wannan lokacin ya zo daidai da wani babban al'amari. Ana cikin haka aka sanar cewa mun kusa miƙati, jirgin ya ɗauki Labbaika, maza da mata. Ni kuwa ga niyya a baki, ga yarinya a ƙarƙashin hijabi tana tsotso, ga yayanta da na tasa daga barci na cusa masa alawar tsinke yana ƙunƙuni. Barci ba ya kare kunne, mai barci ba ya yawan haɗiya, gara a tashe shi. Abbansu tun daga Kano ya ɗaura haraminsa, kuma duk namijin da zai riƙe ɗan shekara 3 da mayafi biyu marasa aljihu, to ya sayi bel mai ƙarfi. Yaron ya kama gefen na ƙasan ya ja da iya ƙarfinsa, Allah ya rufa asiri bel ɗin ya riƙe.

Wata dattijuwa da ke bayanmu, da jin harshenta Basakkwaciya ce, ita ta ɗauke mini nauyi bayan mun sauka. Ina fama da jaka da zani a tsakanin kujeru, ta ce, "'Yata, kawo ta nan ki kimtsa." Na ce, "Inna, za ta ɓata miki kaya." Ta ce wane kaya, ita da ta goyi tara. Ita ta ɗora mini ita a baya ta gyara majanyin. Ba mu yi rububin fita ba, muka bari jama'a suka ragu. Keken da aka karɓa a ƙofar jirgi a Kano bai dawo hannunmu ba sai a wurin ɗaukar kaya, duk dogon layin duba fasfo a bayana ta yi shi, yayanta a kafaɗar ubansa.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Sanyin na'ura a masallaci da otal, ga zafin waje, ga cunkoson jama'a daga ko'ina, babban ya kwaso mura. Mura tana toshe waccan hanyar ta kunne, alawa ba ta buɗe ta. Kafin mu taso wani likita a can ya duba kunnen ya ce ba ciwo a ciki, za mu iya tafiya, ya rubuta ruwan gishiri na ɗigawa a hanci da farasitamol gwargwadon nauyinsa, ya ce a ba shi kafin a fara sauka. Na yi yadda ya ce, duk da haka ya yi kuka tun daga sama har tayar jirgi ta taɓa ƙasar Kano, yana riƙe da kunnuwansa biyu. Wani bawan Allah a gefe ya yi tsaki ya juya baya, wasu suka yi ta yi masa sannu. Sai da muka kwana biyu a gida kafin ya daina cewa akwai ruwa a kunnensa.