Alhaji ɗaya ko alhazai duka?

Aikin fassara sanarwa a masaukan alhazai na Makka ya nuna mini cewa harsunan nan uku da muke juyawa kullum, Hausa da Larabci da Turanci, kowanne da yadda yake magana a kan jinsin abu gaba ɗayansa. Bahaushe tilo yake ɗauka tsurarsa: raƙumi yana jure ƙishirwa, kuma ba mai tambayar raƙumin wa. Balarabe sai ya manna alif da lam, wato "al-" a farkon suna. Bature kuwa jam'i ya fi so, ba komai a gabansa: "camels", "pilgrims", "buses".

Shi ya sa in aka kawo mini takardar Turanci in duba, tun kafin in ga suna nakan gane hannun. Wanda ya yi karatu a Kano ko Zariya zai rubuta "pilgrim must carry card". Ɗan Hausawan nan, haifaffen Makka ko Jidda, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa, "the pilgrims" zai watsa ko'ina. Na farkon da sauƙi, kowa ya gani ya san Turancin ya karye, amma saƙon ya isa. Na biyun ne abin tsoro, don nahawunsa lafiya lau, ma'anar ce ta kauce.

Wanda ya zauna gaban malaman nahawu ba ya shan wahala a nan. Alif da lam akwai ta jinsi, mai nufin abu gaba ɗayansa, akwai ta ahdi, wato mai nuna abin da ni da kai muka riga muka sani. To "the" in ta hau kan jam'i, kusan kullum ta ahdi ce. "Pilgrims spend the day at Arafat" hukunci ne a kan duk mai aikin Hajji ranar 9 ga Zulhajji. "The pilgrims leave at six" kuma labarin 'yan tawagarmu ne kawai, waɗanda motarsu ke jira a ƙofa. In ka sa "the" a dokar da ta shafi kowa, baƙon wata tawaga zai karanta ya wuce abinsa, yana ganin ba da shi ake ba.

Tilo ma yana da gurbinsa. Da "a" ake bayyana mene ne abu, kamar "a pilgrim is a guest". "The camel" kuwa Turancin littattafan kimiyya ne, ya yi wa bangon ɗakin cin abinci nauyi. Ni dai jam'i nake zaɓa, har da wani dalili na daban: yana raba ni da rigimar "he" da "she", tunda "they" ta ɗauke Alhaji da Hajiya a lokaci guda.

Sai sunayen da ba sa karɓar jam'i sam: "luggage", "information", "advice". Ranar tashi zuwa Madina ba a rasa wanda zai liƙa "luggages" a bakin lif. Takardar abinci ma sai an lura. "Chicken" naman kaza ne, shi ake ci da kabsa, shinkafar Larabawa, amma "chickens" kaji ne masu rai. Mai girkinmu ya taɓa rubuta cewa abincin dare shinkafa ce da "chickens", wata Hajiya 'yar Ingila ta sauko tana dariya tana tambaya ko ita za ta yanka.