Zakaran da na sayo da araha a tsakiyar hunturu

Na fara kiwon kaji a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina da kaji shida da zakara guda, dukkansu kajin gida, waɗanda goggona ta aiko mini daga wajen Daura. Tsakar gidanmu siminti ce, saboda haka abin da kazar ƙauye take tsinta a kyauta, wato gara da tsutsa da hatsin bakin rumbu, ni sai na tanada da kuɗina. Dusar gero da tsakin dawa nake ba su, da ragowar tuwo da ganyen zogale. Akurkin farko kuwa rufin kwano na yi masa, na manta da bazarar Katsina wadda zafinta kan haura digiri 40 a watan Afrilu, har sai da na ga kajin suna haki, baki buɗe, sannan na shimfiɗa zana a kan kwanon.

Wannan duk mai sauƙi ne. Asarar gaske ta zo mini a hunturu, lokacin da kajin suka kai goma sha tara. Na ga wani jan zakara a wata kasuwar ƙauye, mai shi ya sallama mini a farashin da ya kamata ya sa ni shakka, na kawo shi gida da la'asar na sake shi cikin sauran. Kwana huɗu bayan haka ya takure a gindin bango yana koren kashi. Kafin mako ya zagayo wasu sun daina cin abinci, wasu wuyansu ya murɗe suna ta juyawa wuri guda kamar masu hajijiya. Na jiƙa musu barkono, na jiƙa ɓawon maɗaci, na sayo kafso na zuba a ruwa, amma kullum da asuba sai na ɗauke gawa biyu ko uku. Huɗu suka tsira.

Da na kira goggo a waya, sai da ta jajanta mini sannan ta ce, “Ɗan nan, ai baƙuwar kaza ba a haɗa ta da 'yan gida ranar da ta zo, balle da sanyin nan.” Likitan dabbobi ya tabbatar mini cewa cutar Niyukasil ce, wadda ƙwayar bairas ke haddasawa, don haka kafso ba ya kashe ta, rigakafi kaɗai ke tare ta, kuma ta fi ɓarna a lokacin hunturu. Ya koya mini ba da rigakafin LaSota a ruwan sha: a ɗauko shi cikin ƙanƙara, a hana kajin ruwa kamar awa biyu domin su ji ƙishi, a yi amfani da ruwan rijiya maimakon na famfo mai sinadarin kilorin, sannan a maimaita duk wata uku. Da yake kwalba guda ta fi ƙarfin kajina, kuma ba ta ajiyuwa idan an buɗe, mu huɗu ne a layinmu muke haɗa kuɗi mu raba a safiya ɗaya.

Yanzu ɗaya daga cikin kaji huɗun da suka tsira tana kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya, yau kwana 15 cikin 21. Sabon zakaran da na sayo kuwa yana cikin keji a zaure, sai ya cika mako biyu zai shiga tsakar gida, ko da yake maƙwabcina ya riga ya yi mini ƙorafin cararsa.