Roba ta kori yumɓu

Jiya a kasuwar Wudil rumfunan masu roba sun cika maƙil, Baba mai tukwane kuwa sai korar ƙuda yake. Ban ga laifin masu saye ba. Injin masana'antar roba ta Sharada a Kano kan zubo butoci ɗaruruwa kafin shi ya gama cuɗa yumɓu, kuma ko yaro ya yar da butar roba ba ta fashewa.

Mai kamfanin motoci Henry Ford ne ya yaɗa wannan salo na ƙera kaya da yawa cikin sauri a Amurka a 1913, kowane ma'aikaci da aikinsa guda. Haɗa mota ya sauko daga awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Talaka ya samu rahusa, gaskiya. Amma 'ya'yan Baba duk suna birni suna jan adaidaita sahu, ba wanda ya gaji sana'ar.