Yau na sallami mataji

Asabar da dare, Garwa.

Awa huɗu da rabi na yi a kan tabarma, kaina a cinyar mai kitso a Yelwa, har yanzu wuyana bai dawo daidai ba. Amma dai an fara min loks, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa dada. A nan in kika ce rasta sai a ɗauka kitson gashin doki kike nufi, sai da na nuna mata hoto a waya.

Gashin dokin ne ma ya kai ni nan. Shekara da shekaru ana ja ana ɗaurewa, ga man miƙar da gashi, har gaban goshina ya soma ja da baya kamar Binuwai a watan Afrilu. Bara na yi ta maza na aske, yanzu sabon ya kai tsawon yatsa.

Hanya uku ta lissafa min. A nannaɗe shi da bakin mataji, ya yi kyau a ido, sai dai ruwa na taɓa shi ya warware. Ko a sa ƙaramar allura mai ƙugiya a cusa gashin cikin juna, a tashi da loks nan take, amma a hannun wadda ba ta ƙware ba tsinka gashi take yi. Ko kuma tufka: a raba biyu a murɗa kamar igiya. Ita na zaɓa, don ta fi jure ruwa, ni kuwa ba zan yi wata guda ban jiƙa kai ba.

Tsagar ce ta ci lokaci. Ta riƙe kibiya tana gyara layi ɗaya sau uku, na ce, "Adda, ai ya yi." Ta ce, "Ƙanwata, tsagar yau da ita za ki tsufa." Guda 84 ta ƙirga.

Sai dokoki. Wanda ya fi yi min ciwo shi ne man kaɗanya, wai in rabu da shi, haka ma kakin zuma. Shiga ciki suke yi su ƙi fita, ƙurar hunturu ta bi ta manne, wata rana ki ga fari-fari a cikin gashin. Feshin ruwa kawai, da ɗan mai marar nauyi a fatar kai. In na wanke, sai ya bushe ƙarau kafin in ɗaura ɗankwali, in ba haka ba wari zai yi. Murɗa tushe kuwa sai bayan sati 4 zuwa 6, don yawan murɗawa shi ma cin goshi yake yi. Ta kuma gaya min gaskiya: nan da 'yan watanni zai kumbura, ya yi buzu-buzu, ya ƙanƙance kamar ba ya girma, sai ya shekara ko fiye kafin ya kama sosai.

Ina cire mayafi a gida Hamma ya fashe da dariya, wai Rigobert Song, tsohon ɗan ƙwallon Kamaru da aka sani da loks, ya kawo mana ziyara. Inna ba ta yi dariya ba.

"Waɗannan tsutsotsin fa? Da su za ki riƙa wankan tsarki?"

Ashe damuwarta ke nan, ba maganar mutane ba. Na durƙusa, na kama hannunta na ɗora a kan tsagar. Ta bi layin da yatsa, ta ji fatar kai a fili, ta fi ta ƙarƙashin gashin doki buɗewa nesa ba kusa ba. Ta ɗan yi shiru, ta ce, "Allah ya shirya." A bakin Inna wannan rabin izini ne.

Ban sami hular satin ba, na ɗaura wani tsohon ɗankwali mai santsi, tunda na auduga yana shanye laima ya bar zare a gashi. Ɗazu ƙanwata ta leƙo aron mataji, na ce ta riƙe. Kan ya fara ƙaiƙayi, an kuma hana ni susa, sai bubbuga shi nake yi da tafin hannu.