Daga Yamai zuwa Guangzhou, awa nawa ne?

Tambayar da ƴan kasuwa suka fi yi mini ke nan in sun zauna a teburina na sayar da tikitin jirgi. Alhaji zai shigo daga Babbar Kasuwa, fasfo a aljihun jamfa, ya ce, "Yaro, kwana nawa zan yi a sama?" Sai in ce, ranka ya daɗe, bari mu ƙirga tare.

In aka ja zare daga filin jirgi na Diori Hamani zuwa na Baiyun a Guangzhou ta ƙasar Sin, kusan kilomita 11,500 ne. Amma babu jirgin da ke ɗaukar mutum kai tsaye. Yawancin mutanena ta Addis Ababa nake bi da su: wajen kilomita 4,000 daga nan, awa biyar da ƴan kai, sannan daga filin Bole a ƙara kimanin awa goma. Saura zaman jira, kuma a nan gwanintar take.

Lokacin da ke kan tikiti agogon garin ne. Habasha ta riga mu da awa biyu, Sin ta riga mu da bakwai. Jirgi ya bar Addis sha biyun dare, takarda ta ce zai sauka wajen uku na rana, sai Alhaji ya zaro ido, wai awa goma sha biyar! A'a, goma ce, biyar ɗin ta agogo ce. Dawowa kuwa ta fi tsawo kaɗan, saboda iskar sama daga yamma take busowa, jirgi na karo da ita.

Wannan lissafi a hannun maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, tun zamanin tikitin takarda mai jan kabon, kafin a daina shi a 2008. Taswira ce manne a bango, duk ta yi baƙi wajen Jidda don yawan ɗora yatsa. Sai ya ba ni biro ya ce in fitar masa da lokacin sauka da agogon Nijar, in na kuskure ko da minti goma ne in sake daga farko. Har yau da biro nake rubuta wa kowane matafiyi: ga lokacin tashinka, ga awannin jiranka, ga sa'ar da iyali za su sa ran kiranka.

Abin da ke ci mini rai yaran nan ne masu sayar da tikiti ta WhatsApp, ba ofis ba teburi. Su rage ƴan jikkuna, su ba mutum minti arba'in tsakanin jirgi da jirgi. Bara wata Hajiya mai atamfa ta bi arha, jirginta na farko ya ɗan makara, ta kwana kan kujera a filin jirgi, wayar yaron a kashe. Ni ta kira da asuba tana kuka, na nemo mata wuri a jirgin gaba.

Masu niyyar baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Oktoba, ku zo da fasfo tun yanzu mu zaɓi jiran da ba zai ba ku wahala ba.