Burodi lami da man zaitun a kwarin Orcia

Ranar da na fara gutsurar burodin Toskana, wani yanki na ƙasar Italiya, na ɗauka mai gashin ne ya yi mantuwa. Lami salam, ko ƙwayar gishiri babu. Ashe haka suke yinsa tun kaka da kakanni, har suna ce masa pane sciocco, kalmar da ke nufin lami, take kuma nufin wawa. Wata biyu na yi a birnin Siena ina ƙorafi a kansa.

A farkon Nuwamba wani abokin karatuna ya gayyace ni gidansu tsinkar zaitun, kusa da garin Pienza a kwarin Orcia, tafiyar kamar awa ɗaya a mota. Tuddai ne ke bin juna, an nome su ƙasar ta fito launin toka, yumɓu zalla. A kan kowane tudu gida ɗaya na dutse, da jerin bishiyar cipresso, doguwa siririya kamar an kafa masu. Can kudu dutsen Amiata ya tsaya da hazo a kansa. UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Ita Pienza ƙauye ce da ake kira Corsignano, sai da ɗan garin ya zama Paparoma Pius na biyu ya sa aka sake gina ta daga 1459, ta ɗauki sunansa.

Aikin ba wuya, sai sanyi. A shimfiɗa raga a gindin bishiya, a riƙa tsefe rassan da ɗan matajin roba. Karambani ya sa na jefa ƙwaya ɗaya a baki. Wallahi maɗaci ya fi ta sauƙi. Da yamma muka kai akwatunan wurin matsa, man ya fito kore shar, in ka kurɓa sai ya karce maƙogwaro har ka yi tari.

Daren nan kakar abokina ta gasa burodin a garwashi, ta goga masa tafarnuwa, ta kwarara sabon mai, ta barbaɗa gishiri. Na ci yanka huɗu ban ce uffan ba. Da burodin yana da ɗanɗanon kansa, da ya tare wa man hanya.

Tsohuwar ta tashi ne a zamanin mezzadria, lokacin da manomi ke noma gonar attajiri a raba amfanin biyu. Kyan da baƙi ke zuwa ɗauka a hoto, a wurinta ƙasa ce mai taurin kai da ta cinye ƙarfin mahaifinta. Girkinta ma na waccan rayuwar ne. Burodin da ya bushe ba ya zuwa bola, a ribollita yake ƙarewa, miyar wake da baƙin kabeji da ake sake tafasawa washegari. Taliyarsu kuwa, pici, fulawa ce da ruwa kawai, tana murza ta da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, mai kauri. Ina kallonta sai taliyar murji ta gidanmu ta faɗo min a rai.

Da na ce, "Nonna (wato kaka), ban da alade," ta janye farantin salami, busasshen naman alade, ba musu, ta yi min miyar tumatir da aglione, wata ƙatuwar tafarnuwa mara zafi. Ƙin shan giyar ne ya ɗaure mata kai. "Ɗan nan, to da me za ka kora?" Ta kawo ruwa tana girgiza kai.

Da zan tafi ta ba ni kwalbar mai da rabin pecorino, cukun madarar tumaki da Pienza ta yi suna da shi. Yawancin masu kiwon, in ji abokina, zuriyar makiyayan Sardiniya ne da suka zo da garkunansu bayan manoma sun gudu birni. A bas ɗin komawa Siena warin cukun ya cika jakata, matar da ke kusa da ni ta shinshina, ta tambaye ni a gidan wa na samo.