Kuɗin gyaran harfsikod

Lokacin da nake karatun akanta a Ingila, an ce kowane ɗalibi ya nemi ƙungiyar sa-kai ya riƙe mata lissafi na shekara guda. Ni rabona ya faɗa kan wasu makaɗa 12 masu kaɗa kiɗan Turai na dauri, na zamanin mashahuran masu tsara kiɗa Purcell da Bach, da irin kayan wancan lokacin. Tsirkiyar gogensu ta hanjin tumaki ce, kuma suna saita sauti a ma'aunin 415 maimakon 440 na makaɗan yau, wato ƙasa kaɗan. Duk wannan daga baya na sani. Ni rasit da takardar banki aka kira ni in duba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne madugun, wanda ya kafa ƙungiyar da guminsa, ba ya iya fitar da ko kwabo shi kaɗai. Nasa zaɓen abin da za a kaɗa da wanda zai kaɗa. Kuɗi da haya da inshora suna hannun kwamitin amintattu, mutum 6 da ba a biyan su komai, don ƙungiyar tana da rajista da Charity Commission, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila da Wales. Bach kansa daga 1717 zuwa 1723 makaɗin fada ne a garin Köthen na Jamus, yarima ke ci da shi, kamar dai makaɗan sarakunanmu. Masu kaɗa kiɗansa a yau kuwa, sarkinsu wata tsohuwar malamar makaranta ce da ke shugabantar taro da kofin shayi a gabanta.

Kuɗin tikiti bai taɓa riƙe su ba, gudummawa ce ke cike giɓi. A tsarin Gift Aid, duk fam 1 da mai biyan haraji ya bayar, gwamnati na ƙara kwabo 25, amma sai ya bayar da shaidar amincewarsa. Na sha bin tsofaffi a ƙofar coci da fom da biro. Tunda abin da ke shigowa ya haura fam 25,000, a dokar wancan lokacin dole wani na waje ya duba lissafin, a miƙa rahoto cikin wata 10 bayan rufe shekara.

Sai aka yi wani wasa da hunturu, ƙanƙara ta hana mutane fitowa. Makaɗan nan ba 'yan albashi ba ne, wasa ɗaya biya ɗaya, kuma abin da ke asusu bai kai ba. Ga shi akwai kuɗin da wani dattijo ya bayar don a gyara harfsikod ɗinmu, kakan fiyano ke nan, suna nan kwance wata da watanni. A taro na ce a ranta daga ciki, in an samu a mayar. A ganina dabara ce, har ina jiran yabo.

Shugabar ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, kuɗin nan ba namu ba ne. An ba mu ne da sharaɗi." Na ce ai aro ne. Ta ce wanda ya ɗaure shi ke kwancewa.

Kunya ta kama ni, don na san wannan tun ina yaro. Wa zai ɗauki wakafin rijiya ya sayi tabarmin masallaci, ko da masallacin na bukata? A aji ma an koya mana, na rubuta a jarrabawa na ci. Amma da na ga fuskar mai gogen da kuɗin haya ke jiranta, sai ilimin ya gudu. Har yau ban ce tausayina laifi ba ne. Hannuna ne ya nufi aljihun da ba nawa ba.

Aka rubuta wa dattijon wasiƙa ana neman izini. Ya ce a'a, don tunawa da matarsa ya bayar. Madugu ya yafe nasa kason, aka rage wasa na gaba zuwa makaɗa 5, amintattu biyu suka sa hannu a aljihu. An biya kowa bayan mako 3. Ni aka ba wayar in sanar da su jinkirin ɗaya bayan ɗaya, kuma da mai gogen na fara.